Masu Gudun Asuba A Bakin Kogin Nilu

Karatunmu: 1 Korantiyawa 9:24-27, Ibraniyawa 12:1-3, 2 Sama'ila 18:19-33

Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafinka Mai Tsarki ka karanta wuraren nan uku a hankali. Idan kuna tare da iyali ko 'yan ƙungiyar addu'a, sai mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi domin kowa ya ji. Darasinmu na yau zai kai mu ƙasar Sudan, wurin mutanen da suke koyon gudun famfalaki.

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da ruwa ya raba su: Kartum, Umdurman da Bahri. A nan ne Farin Nilu da ya taso daga wajen Uganda yake gamuwa da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga duwatsun Habasha, a wurin da ake kira Mugran, kusa da tsibirin Tuti. Ƙasar ba baƙuwa ba ce a gare mu Hausawa. Kakannin waɗansunmu sun ratsa ta da ƙafa a kan hanyar Makka, da yawa kuwa suka zauna har wa yau. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Ta wajen bishara ma akwai dangantaka. Karl Kumm, wanda ya kawo mishan na SUM zuwa Wase a 1904, ya ratsa tsakiyar Afirka daga Nijeriya har ya isa Kartum a 1909.

Garin yana da zafi ƙwarai. A watan Mayu da Yuni zafin yakan wuce digiri 40, ga kuma guguwar ƙura da suke kira habub, wadda takan rufe sararin sama kamar bango. Saboda haka mai son gudu a Kartum ba shi da zaɓi mai yawa, ko dai ya tashi tun da asuba, ko ya jira faɗuwar rana. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, idan ka bi titin bakin Nilu da sassafe, ko ka je filin da ake kira Saha al-Khadra da maraice, za ka tarar da mutane suna gudu, waɗansu su kaɗai, waɗansu ƙungiya ƙungiya. Akwai ɗalibai, akwai ma'aikata, akwai masu shirin gasa. A bakin hanyoyin garin kuma akwai randunan ƙasa da masu gida sukan ajiye cike da ruwa domin duk mai wucewa ya sha kyauta, ba a tambayarsa sunansa ko addininsa.

Me ya sa mutum zai bar barcin asuba mai daɗi ya fita yana haki a titi? Manzo Bulus ya san amsar. Mutanen Koranti da ya rubuta wa wasiƙa suna da babbar gasar wasanni kusa da birninsu duk bayan shekara biyu, ladar wanda ya yi nasara kuwa rawanin ganye ne kawai, wanda cikin 'yan kwanaki zai bushe. Bulus ya nuna musu waɗannan 'yan wasa, ya ce su duba irin horon da suke yi wa kansu saboda ganye, sa'an nan su tambayi kansu irin horon da ya dace da mai neman rawanin da ba ya lalacewa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Gudun famfalaki cikakke kilomita 42 ne da mita 195, kusan nisan Kano zuwa Wudil. Ba wanda yake tashi rana ɗaya ya ce yau zai yi shi. Ko mutumin da ya riga ya saba da gudu yakan ɗauki wata uku ko huɗu yana shiri. Yakan soma da ɗan gajeren zango, yana ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako. Idan ya yi garaje ya ƙara da yawa a lokaci ɗaya, gwiwa ko agara za su ba shi labari. A wurin zafi irin Kartum, jiki ma yana bukatar kamar mako biyu kafin ya saba da aiki cikin zafin, ya koyi fitar da gumi da wuri. Mai gudu a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumi fiye da lita ɗaya cikin sa'a guda, shi ya sa ba ya jiran ƙishirwa ta galabaitar da shi kafin ya sha ruwa.

Ga wani abu da yakan ba baƙo mamaki. Yawancin gudun da ake yi lokacin shiri, a hankali ake yinsa. Masu koyarwa sukan ce ka yi gudun da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da numfashinka ya sarƙe ba. Wannan gudu mai kamar wasa shi ne yake ƙarfafa zuciya, yake buɗe ƙananan hanyoyin jini cikin tsoka, yake koya wa jiki tattalin abincin da ya ajiye. Gudu mai tsanani yana da ranarsa, sau ɗaya ko biyu a mako. Hutu ma yana da ranarsa, gama a lokacin hutu ne jiki yake gyara abin da aiki ya yayyaga.

Ɗan'uwa, ka gwada wannan da zamanka na mai bi. Da yawa daga cikinmu muna son babban taron farkawa, inda za a kwana ana waƙa, a yi kuka, a ɗaga hannu a yi alkawari. Wannan yana da kyau, amma gudu mai tsanani ne, ba a rayuwa a kansa kullum. Abin da yake gina mutum shi ne ɗan karatun nan na kowace safiya, da addu'ar da ba wanda ya gani, da zuwa sujada ranar da ba ka ji daɗin jikinka ba, da riƙe harshe sa'ad da maƙwabci ya tsokane ka. Ba wanda zai tafa maka saboda waɗannan. Amma ranar da gwaji ya zo, a nan ne za a ga wanda ya yi shiri. Ubangiji ya yi wa annabi Irmiya irin wannan tambaya a sura 12 aya 5, cewa in tsere da 'yan ƙasa ya gajiyar da shi, yaya zai yi da dawakai.

Masu gudun famfalaki suna da wani wuri da suke tsoro, wajen kilomita 30 zuwa 35. A daidai nan ne ajiyar sukarin da ke cikin tsoka da hanta takan ƙare. Ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu, tunani ya rikice, wata murya ta soma ce wa mutum ya zauna a bakin hanya. Wanda ya tashi da gudun fitar rai a farko domin 'yan kallo su yaba masa, a nan ake tsintarsa. A rayuwar bangaskiya ma akwai irin wannan wuri, kuma sau da yawa ba sabon tuba yake kamawa ba. Yakan kama mutumin da ya yi shekara 20 yana hidima, ya yi dattijon ikilisiya, ta yi shugabar zumuntar mata, sai ciwo ya daɗe a gida, ko ɗa ya bauɗe, ko 'yan'uwa su saka alheri da mugunta. Bulus ya tambayi Galatiyawa a sura 5 aya 7 wane ne ya tare musu hanya bayan sun fara tsere da kyau. Wataƙila yau kai ake yi wa wannan tambaya.

Dalilin da ya sa suke gudu tare

Ka lura da yadda marubucin Ibraniyawa ya yi maganarsa a sura 12. Da bakin jam'i ya yi ta. Mu ne za mu yar da kayan nauyi, mu ne za mu yi tseren da jimiri, mu ne za mu zuba wa Yesu ido. Masu gudu sun gane hikimar wannan tun da daɗewa. Mutum shi kaɗai, agogo ya buga da asuba, yana iya juyawa ya ja bargo. Amma in ya san mutum biyar suna tsaye a gindin gada suna jiransa, kunya kaɗai ta isa ta tashe shi. A cikin ƙungiya sabon shiga yana koyon taki daga tsofaffin hannu. Wani yana riƙe da ruwa. In wani ya faɗi, akwai mai ɗaga shi, kamar yadda Mai Hadishi 4:9-10 ya koya mana.

Ko gwanin gwanaye bai wuce wannan ba. Ranar 12 ga Oktoba 2019, a birnin Biyana na ƙasar Austiriya, Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya gama gudun famfalaki cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Duniya ta ɗauki sunansa. Amma mutum 41 ne suka yi ta karɓa-karɓa suna gudu tare da shi, bakwai bakwai, biyar a gaba suna tare masa iska, biyu a baya. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ya gama tseren. Kowa ya yi nasa zangon ya koma gefe. A cikinsu akwai Lopez Lomong, wanda aka haifa a kudancin Sudan, yaƙi ya raba shi da iyayensa yana yaro, ya girma a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya. Ka tuna da waɗanda suka tare maka iska: malamin makarantar Lahadi, tsohuwar da take ambaton sunanka cikin addu'a, mai bisharar da ya taka zuwa ƙauyenku da keke. Ka taɓa komawa ka gode musu?

Sudan kanta tana da labarin da ya cancanci a ji, ko da yake na tseren mita 800 ne. A shekarar 2008 idon kowa yana kan wani saurayi, Abubakar Kaki. A watan Maris ya zama zakaran duniya na gasar cikin ɗaki a Balensiya, a watan Yuni kuma ya kafa tarihin matasa na duniya a Oslo. A Kartum suke atisaye shi da abokansa, cikin rashin kayan aiki. 'Yan jaridan da suka ziyarce su sun ba da labarin gwangwanayen fenti cike da kankare waɗanda suke ɗagawa a maimakon ƙarfen motsa jiki. Da aka je gasar Olamfik a Beijin, sai Kaki ya faɗi tun a zagayen kusa da na ƙarshe. Abokin atisayensa, Isma'il Ahmad Isma'il, wanda ba a cika zancensa ba, shi ne ya zo na biyu a bayan Wilfred Bungei na Kenya. Tun 1960 Sudan take zuwa wannan gasa, sai a ranar ta sami lambarta ta farko. Kaki kuwa bai zauna yana kuka ba, ya sake zama zakara a Doha a 2010, ya kuma ci azurfa a gasar duniya ta 2011. A ikilisiya ma haka yake. Wanda muke zaton shi ne ginshiƙi yana iya tuntuɓe, Allah kuma ya ɗaukaka sunansa ta wurin wanda yake zaune a bencin baya. Kada ka rena kowa a cikin ƙungiya, kada kuma ka binne wanda ya faɗi sau ɗaya.

Akwai wata ɗabi'a da ƙungiyoyin gudu masu hankali suke da ita, wadda ya kamata ta ba mu kunya. Sukan sa mutum ɗaya mai ƙarfi ya tsaya a can baya, ya bi takin wanda ya fi kowa rauni, domin kada a bar kowa shi kaɗai a hanya. Aikin ba shi da daɗi, gama mai yinsa yana da ƙarfin da zai kasance a gaba. Mu kuwa sau da yawa mukan ƙidaya waɗanda suka zo sujada, ba mu ƙidaya waɗanda suka daina zuwa. Wata uku ke nan ba a ga gwauruwar nan ba, kowa yana cewa ai wani zai je. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Mutumin Kush da Ahimawaz

Yanzu mu koma 2 Sama'ila 18, inda mutum biyu suka yi tsere na gaske. Kush ita ce ƙasar da ke kudu da Masar a bakin Nilu, wato yankin Sudan ta yau, saboda haka ɗaya daga cikin masu gudun nan kakan mutanen da muke zancensu ne.

An gama yaƙi, Absalom ya mutu, Dawuda yana zaune a bakin ƙofar gari yana jiran labari. Ahimawaz ɗan Zadok ya roƙi Yowab ya bar shi ya kai albishir. Yowab ya hana shi, gama ɗan sarki ne ya mutu, ya aiki wani mutumin Kush a maimakonsa. Ahimawaz ya nace, har Yowab ya gaji ya ƙyale shi. Ya bi ta hanyar kwari, ya wuce mutumin Kush. Mai tsaro yana bisa garu ya hango shi daga nesa, ya gane shi ta wurin salon gudunsa tun bai ga fuskarsa ba. Wannan kaɗai wa'azi ne: maƙwabtanka sun san irin tafiyarka tun kafin ka buɗe baki ka ce kai Kirista ne.

Ahimawaz ya iso na fari, ya faɗi labarin nasara. Amma da sarki ya yi tambayar da take cin zuciyarsa, wato lafiyar Absalom, sai gwanin gudu ya soma kame-kame, ya ce shi dai ya ga hargitsi, bai san ko mene ne ba. Alhali Yowab ya riga ya faɗa masa. Sarki ya ce ya koma gefe ya tsaya. Sa'an nan mutumin Kush ya iso, a baya, ba a ma rubuta sunansa ba, ya isar da saƙon duka, mai daɗin da mai ɗacin, cikin ladabi da hikima.

Kada mu yi saurin hukunta Ahimawaz. Yana ƙaunar Dawuda, bai so ya zama shi ne zai soke shi a zuciya ba. Duk da haka gudunsa bai biya bukatar sarki ba. Mu masu wa'azi da masu koyarwa, wannan kashedi namu ne kafin na kowa. Yana da sauƙi mu yi ta shelar albarka da buɗi da warkarwa, jama'a su cika ɗaki, mu riga kowa isa. Zancen zunubi da tuba da ɗaukar gicciye kuwa sai mu ce mun ga hargitsi kawai. Bulus ya ji tsoron wannan a kan kansa, shi ya sa a 1 Korantiyawa 9:27 ya ce yana horon jikinsa don kada bayan ya yi wa waɗansu wa'azi shi kansa a ƙi shi. Kai da aka ba saƙo zuwa ga 'ya'yanka, ko abokin kasuwancinka, ko ajin da kake koyarwa, kana isar da shi duka?

Akwai wani gudun kuma da ya shafi wannan ƙasa. A Ayyukan Manzanni 8, Filibus ya sheƙa da gudu ya cim ma karusar ma'ajin sarauniya Kandakatu. Kandake laƙabin sarauniyoyin Merowe ne, birnin da kangonsa da dalarsa suke nan kimanin kilomita 200 arewa da Kartum. Filibus ya yi gudu, yana kuma da cikakken saƙo, har mutumin ya roƙi baftisma.

Gudun da ba wanda ya zaɓa

Ba zai yiwu mu yi zancen gudu a Kartum mu yi shiru a kan wani irin gudu dabam ba. Guor Marial yaro ne daga kudancin Sudan wanda yaƙin basasa ya cinye 'yan'uwansa takwas. Ya zauna a Kartum wurin kawunsa, daga nan suka tsere zuwa Masar, ya isa Amurka a 2001. Mutumin da ya san gudu a matsayin hanyar tsira da rai, shi ne ya yi gudun famfalaki a gasar Olamfik ta Landan a 2012 a ƙarƙashin tutar gasar, gama sabuwar ƙasarsa ba ta riga ta sami wakilci ba. Ya zo na 47. A 2016 shi ya riƙe tutar Sudan ta Kudu a Riyo.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin watan azumi, faɗa ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Titunan da ake motsa jiki a kansu suka zama fagen fama. Gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri ta karye a watan Nuwamba na shekarar. An kai hari a masallatai da majami'u, har da majami'ar Kibɗawa ta Mar Girgis a Umdurman. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. A unguwannin da mutane suka maƙale, matasa suka kafa tukwanen taimako da suke kira takaya, suna dafa wake ga duk wanda ya zo da kwano. Sojoji sun sake karɓe birnin a watan Maris 2025, mutane suka soma komawa gidajen da aka wawashe. Waɗansunku da kuke karanta wannan a Borno, ko Filato, ko kudancin Kaduna, ba sai an fassara muku irin wannan gudu ba. Ibraniyawa 12:3 domin ku aka rubuta ta: ku dubi Yesu da irin gābar da ya jure daga masu zunubi, don kada ku gaji ku karai.

Abin yi a wannan mako

Ka ɗauki takarda ka rubuta sunan mutum ɗaya da kuka saba sujada tare, wanda yanzu ba ka ganinsa. Ka je gidansa da ƙafarka kafin Lahadi. Kada ka tafi da faɗa ko tuhuma. Ka gaishe shi, ka ji abin da ya same shi, in ya yarda ku yi addu'a, ka kuma ce za ka biyo masa ranar Lahadi ku tafi tare. Idan kuwa kai ne ka koma gefen hanya, ka nemi mai bi ɗaya da ka amince da shi ka faɗa masa gaskiyar inda kake.

Addu'a: Ya Uba na Sama, muna kawo mutanen Kartum da Umdurman da Bahri a gabanka, Kirista da Musulmi, da Hausawan da suke zaune a Sudan. Ka kawo ƙarshen zubar da jini a ƙasarsu. Ka ciyar da mayunwata, ka ta'azantar da masu makoki, ka tattara ikilisiyoyin da suka warwatse. Ka ba ni ƙarfin zuciya in je wurin wanda na rubuta sunansa. A cikin sunan Yesu, Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba 2 Timoti 2:1-7. Ka karanta kafin lokacin.